Ranar da Motar Nimia Ta Ƙi Mutuwa

Tun daga kwanar layi Nimia Ortigoza ta gane an taɓa mata mota. Tana tsugune a bayan gida tana ɓare rogo ta ji ƙarar injin, sai ta ajiye wuƙar ta kasa kunne. Motar ce, amma muryar ba tata ba ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun rasuwar mahaifinsu, ita ke tayar da wannan inji kowace safiya, ita ke masa juye, ita ke canza masa filta. Ta san kukansa in yana jin sanyi, ta san kukansa in dizal ɗin da aka zuba masa akwai ruwa. Wannan gurnanin na yau ba ta taɓa jin irinsa ba.

Mahaifinsu direban babbar motar auduga ne a nan garin Coronel Bogado, kuma a gefensa Nimia ta girma tana miƙa masa sifana. Yayanta Fulgencio kuwa makaranta ya yi, ya tafi babban birni Asunción ya zauna a ofis shekara talatin, sai bara ya yi ritaya ya dawo gida da matarsa Idalina. Da ya dawo ne ya tuna cewa tsohuwar motar nan mai shan dizal gadon su biyu ce. Kwana biyar da suka wuce ya karɓi makulli ya tafi ganin surukansa a San Cosme.

Ya tsaya a ƙofar gida, ya taka totur sau biyu don a san ya iso. Baƙin hayaƙi ya fito daga salansa ya lulluɓe zannuwan gadon da Nimia ta shanya da asuba.

"Kin ji ta?" Fulgencio ya ce yana fitowa, bakinsa har kunne. "Na tashe ta daga barci. Shekara da shekaru kin mayar da ita jaka, alhali doki ce."

Nimia ta matso. Ta zagaya ta ɗaga bonet, idonta ya tafi kai tsaye kan famfon dizal. Akwai wani ɗan noti a jikinsa wanda ke ƙayyade yawan man da ke shiga inji, kuma tun zamanin mahaifinsu ɗaure yake da waya da ɗan dalma don kada kowa ya taɓa. Wayar a yanke take.

"Yaya, wa ya taɓa wannan?"

"Ni mana. Zagaye ɗaya da rabi kawai na murɗa. A wayar salula na ga wani injiniya yana koyarwa, kowa haka yake yi yanzu."

"Injiniyan naka ya taɓa ganin motar nan? Ka san yadda aka sha wuya kafin a daidaita notin nan? Dubi zannuwana! Mai ne ɗanye yake fita ta salansa ba ya ƙonewa, kai kuma kana murna!"

"Ke dai tsoro ya yi miki yawa. Baba ma haka yake, ya mutu bai taɓa wuce gudun saba'in ba."

"Shi ya sa ya mutu a kan gadonsa."

Ta kai hannu za ta zare gejin baƙin mai, ya riga ta ya sauke bonet ɗin, saura kaɗan ya datse mata yatsu.

"Na duba komai. Ruwa, batir, baƙin mai, duka. Kada ki mayar da ni yaro."

A daidai nan mahaifiyarsu Petrona, wadda ake kira Ña Petrona don girmamawa, ta fito tana dogara sanda, ta sha rigar zuwa coci da jakarta a hammata. Ranar ce za ta ga likitan gwiwa a Encarnación da ƙarfe goma, wata biyu suna jiran wannan rana. Ƙarfe tara saura ne a lokacin.

Nimia ta wanke hannu ta miƙa tafinta. "Ba ni makullin."

"Ni zan tuƙa. Sai kin ji yadda take hawa tudu kafin ki buɗe baki."

"Mama, ki gaya masa."

"Bar shi, Nimia," tsohuwar ta ce tana ƙoƙarin shigar da ƙafarta kujerar baya. "Yayanki ne."

Nimia ta shiga gaba ta ja ƙofa da ƙarfi. Sau da yawa daga baya ta zauna tana cizon yatsa a kan gejin nan da ba ta zare ba. Aikin minti ɗaya ne.

Gaskiya motar ta yi ƙarfi, kuma wannan ya ƙara ɓata mata rai. Fulgencio yana ta wuce manyan motocin shinkafa yana satar kallonta, duk wanda suka wuce sai ya shaƙi hayaƙi ya bi su da ham. Sun yi tafiyar kamar minti ashirin, sun kusa wata mahaɗa kafin garin Carmen inda mata ke sayar da chipa, gurasar nan ta rogo da cuku, sai Nimia ta leƙa madubi. Hayaƙin ya daina zama baƙi. Ya koma fari mai shuɗi-shuɗi, kuma ya yi kauri.

"Yaya, ɗaga ƙafarka."

"Na ɗaga."

"Na ce ka ɗaga!"

"Ƙafata tana ƙasa, Nimia, ga ta!"

Injin ya ci gaba da hawa. Fulgencio ya taka kuloci, sai ƙarar ta tashi kamar ana yanka ƙarfe da zarto. Ya gangara gefen titi ya taka birki, ya murɗa makulli ya kashe. Motar ba ta mutu ba. Ya zare makullin gaba ɗaya ya ɗaga shi yana kallo, injin yana ta ihu, sitiyari yana rawa, gilasan ƙofa suna kaɗawa.

"Za ta fashe!" ya ce.

Ya banke ƙofa ya fita. Nimia ta gan shi ya tsallake kwata da tsalle ɗaya, mutum mai shekara sittin da uku mai kukan ciwon baya, ya nausa cikin ciyawa bai waiwayo ba.

A baya Ña Petrona ta rungume jakarta tana kiran sunan Maryamu. Ba za ta iya fita da kanta ba, a gida ma sai an kama ta. Nimia ta san abin da ke faruwa ko da yake ba ta taɓa gani da idonta ba. Mahaifinsu ya sha ba ta labari: in injin dizal ya samu baƙin mai ta hanyar iska, shi zai koma sha, ba ruwansa da makulli, ba ruwansa da totur, zai yi ta gudu har ya tarwatse. Ko a shaƙe shi da giya, ko a toshe masa numfashi.

Ta tsallaka kujerar direba, ta ja birkin hannu, ta danne na ƙafa da dukkan ƙarfinta, ta jefa giya ta biyar ta saki kuloci. Motar ta yi tsalle ɗaya ta tsaya tana karkarwa. Warin ƙuna ya cika ciki. Kulocin tsoho ne, dama sai ƙarshen shekara ta yi niyyar canza shi, yana ta zamewa bai riƙe ba. Ta zare giyar, ta ja igiyar bonet, ta zaro sukudireba daga aljihun ƙofa ta fita.

Hayaƙi ya rufe titin, motoci sun tsaya nesa. Ta ɗaga bonet ta hau kwance ƙarfen da ya ɗaure tiyon iska, sukudireba na suɓucewa. Damtsenta ya taɓa wani wuri mai zafi, ba ta ma ji ba sai daga baya.

"A ba ni abu mai faɗi!" ta ƙwala ihu. "Mai faɗi, mai ƙarfi!"

Duk mazan da ke wurin sun ja da baya. Wata mai chipa ce, ƙatuwa, ta rugo da tawul ɗin da take rufe kwandonta.

"Ba tsumma ba, zai haɗiye shi! Katako!"

Matar ta juya ta kifar da kwandon a ƙasa, chipa suka watse cikin jar ƙasa, ta ɗauko allon da take ɗora kwandon a kai. Nimia ta fizge tiyon, ta kifa allon a bakin bututun. Injin ya zuƙe shi ya manne kamar an buga da ƙusa. Ya yi tari, ya yi gurnani, ya jijjiga motar sau uku, sannan ya yi tsit.

Har kukan tsuntsaye aka ji a wurin. Nimia ta buɗe ƙofar baya, ita da mai chipa suka fito da tsohuwar suka zaunar da ita a inuwa. Matar ta ce sunanta Zunilda, ta ɗebo ruwan ƙanƙara daga gorar tererenta, shayin sanyin da take sha, ta zuba wa Nimia a ƙunar.

Sai ga Fulgencio ya dawo, ƙaya ta cika masa ƙafar wando, makullin yana hannunsa har yanzu. Mutane sun taru, shi kuwa mutum ne da ba ya ganin taro ya yi shiru.

"Abin da nake faɗa ke nan," ya ce wa wani direba. "Tsohuwar mota ce, shekara sha ɗaya ba ta ga ƙwararren bakanike ba. Ƙanwata ce ke jagwalgwala ta a bayan gida. Ba don na yi dabarar saukar da ita gefe ba, da yanzu wani zancen ake."

Nimia ta miƙe. Maganganun da ke cikinta sun yi yawa, ba ta san wacce za ta fara fitarwa ba. Kafin ta samu ta farko motar haya mai zuwa Encarnación ta tsaya. Fulgencio ya kama hannun mahaifiyarsa cikin ladabi, yana cewa a yi hankali da gwiwarta, ya hau da ita. Ta taga ya jefo wa Nimia makullin.

"Ki san yadda za ki yi da gwangwaninki."

Ta yi awa uku a rana kafin wani mai tarakta ya yarda ya ja motar zuwa gida. Kafin su tafi ta tsugunna ta taya Ña Zunilda tsince chipa daga ƙasa, ta ce za ta saye su duka. Matar ta ce in ta sake wannan maganar ita ma za ta toshe mata baki da allon.

A gida Nimia ta zare gejin. Baƙin man ya wuce alamar sama da faɗin yatsa biyu, duk da wanda injin ya shanye a hanya. Ta mayar da shi, ta rufe bonet, ta ce ba za ta taɓa komai ba sai Lahadi.

Kafin Lahadi labarin ya zaga gari, kuma ya zaga ne ta bakin Idalina. A shagon nama aka tare Nimia ana cewa Allah ya taimake su da namiji a motar. A ƙofar coci wata ta ce ta ji Fulgencio ya ruga cikin daji neman taimako har ya yaga wando. Nimia ta dawo gida ta kasa cin abinci. Ƙunar da ke damtsenta ta yi ruwa, ba wanda ya tambaye ta inda ta samo ta.

Ranar Lahadi aka hallara a gindin mangwaro kamar kullum, ga nama a kan wuta, ga dafaffen rogo. Akwai 'yan uwa biyu-uku da maƙwabta. Fulgencio ya bari sai da aka ci aka ƙoshi, sannan ya gyara murya ya ce ya yi magana da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, gara a rabu da motar tun ba ta kashe wani ba.

"Don lafiyar Mama," in ji Idalina.

Nimia ta tashi. Ta shiga ɗaki ta canza riga, ta fito da baho da sifana da kwalaben lemo na roba masu cin lita bibbiyu. Ta shimfiɗa kwali ta shige ƙarƙashin motar a gaban kowa, ta kwance notin juye. Baƙin mai ya yi ta zuba. Da ya tsaya ta jawo bahon, ta sa mazurari ta cika kwalba ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta fara ta huɗu. Ta jera su a kan tebur tsakanin farantan nama.

"Injin nan lita biyar yake ci," ta ce. "Ni na yi masa juye da hannuna sati uku da suka wuce, biyar na zuba. Ga shida da rabi a nan, ban da wanda ya ƙone a titi ya rufe wa mutane ido. Yaya, baƙin mai haihuwa yake yi?"

Fulgencio ya kalli kwalaben. "To, na ƙara mata kaɗan."

"Nawa?"

"Galan ƙarami. Lita uku. Na duba na ga ya yi ƙasa, laifi ne mutum ya kula da mota?"

"A ina ka duba?"

"A gidan su Idalina."

"Gidan da ke kan gangaren kogi? Wanda in ka ajiye kankana a ƙofa sai ka tsince ta a ruwa? A nan ka tsayar da mota, hancinta yana sama, ka kashe ta a take ka zare geji?" Muryarta ta fara tashi. "Ka cika ta har ta rasa inda za ta kai shi, ta tura shi hanyar iska. Ka yanke dalmar Baba don ta ƙara zafi. Na zo dubawa ka rufe bonet a kan hannuna. Sannan da ta tashi cin kanta, ina ka nufa?"

"Na je neman..."

"Neman me a cikin ciyawa? Shanu za su kawo sifana? Ka bar Mama a baya da ƙofa a rufe! Mai chipa, wadda ba ta san sunanmu ba, ita ta zubar da cinikinta na yini ta shigo cikin hayaƙin. Kai kuma ka dawo kana gaya wa mutane ina jagwalgwala mota!"

Idalina ta ce ba a yi wa babba irin wannan magana a gaban baƙi. Nimia ta ce a gaban baƙi aka yi mata ƙarya, a gabansu za a warware. Ta juya wajen mahaifiyarta.

"Mama, kina ciki. Faɗa musu abin da kika gani."

Kowa ya zuba wa tsohuwar ido. Ña Petrona ta daɗe tana juya cokali a farantinta.

"Ya isa haka," ta ce. "Ba wanda ya mutu. Ba za a sayar da motar mahaifinku ba, kuma ba na son in sake jin zancen nan. Nimia, kwashe ƙazantar nan daga kan tebur."

Nimia ta kwashe. Ta kai kwalaben bayan gida, ta tsaya a can ta jingina goshinta da bango har baƙin suka watse.

Gyaran ya ci sati uku. Ta wanke tiyo da bututun iska da kananzir, baƙin mai kwance a ciki kamar kunu. Ta jefar da filtar iska ta sa sabuwa. Ta ciro famfon da nozul huɗun ta naɗe su a tsohon bargo, ta hau motar haya zuwa Encarnación wurin wani dattijo mai injin gwaji, wanda ya ga yankakkiyar wayar ya girgiza kai bai tambaye ta komai ba, ya daidaita notin ya ɗaure shi da sabuwar dalma. Kuloci ne kaɗai ya fi ƙarfin mutum ɗaya, maƙwabcinta mai gyaran tarakta ya taya ta sauke giyabos. Ranar da za ta tayar da injin ba ta san ɓarnar da gudun nan ya yi a ciki ba. Ta bar tiyon a cire, ta ajiye guntun katako kusa da hannu, ta murɗa makulli. Ya yi hayaƙi na minti biyar, sannan ya washe ya zauna a sulo. Akwai wani ɗan ƙwanƙwasa siriri da ba ya nan a da, in injin yana da sanyi. Ta san ba zai tafi ba.

Fulgencio bai zo ba ko sau ɗaya. Ya aiko Idalina da kaza, Nimia ta ce a mayar masa, motar ba ta cin kaza.

Da ranar komawa wurin likita ta zo, su biyu ne a motar, Ña Petrona a gaba wannan karon. Sun wuce gonakin shinkafa. Sai da suka hango rumfunan masu chipa tsohuwar ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Na gan shi yana tsallake kwatar nan. Ko waiwayowa bai yi ba."

Nimia ta ƙara riƙe sitiyari. "To me ya hana ki faɗa ranar Lahadi?"

"Da na faɗa, da ba zai sake iya shiga garin nan da kai a sama ba. Ke kina iya ɗauka. Shi ba ya iyawa, tun yana ƙarami."

"Wato don ina iyawa sai a yi ta ɗora mini."

"Ban ce daidai ba ne."

"Har yanzu a shagon nama shi ne jarumi, Mama. Ni ce mai jagwalgwalo."

Nimia ta sa sigina ta gangara gefen titi a gaban rumfar Ña Zunilda, ta ja birkin hannu da ƙarfin da ya wuce buƙata. Matar ta hango su ta taso tana tafa hannu, tana kiran sauran masu talla su zo su ga matar da take ba su labari.

"Nawa za a saya?" Nimia ta tambayi mahaifiyarta.

"Goma. A kai wa yayanki biyar."

Nimia ta fita ta rufe ƙofa, ta sayi biyar.